Samuel Johnson: ɗan mai tebur a kasuwa da ya tara kalmomin Ingilishi 42,773

 Duk wanda ya taɓa ƙetara iyaka zuwa Jibiya ko Kano ko Ikko domin sarin kaya ya san ranar turancin Ingilishi. Shi ne bisa buhu, shi ne bisa kwalin magani, shi ne cikin takardar da ake miƙo maka a ce ka sa hannu. Ɗiyanmu da ke kwaleji kuma suna dawowa gida da ƙamus, suna haddar manyan kalmomi, wani lokaci har su jefe mu da guda don su ga mun yi shiru. To, yau a filinmu na tarihin mutanen da, za mu kawo muku labarin mutumin da ya tsara ƙamus ɗin Ingilishi da Turawan Ingila suka dogara da shi sama da shekaru 150. Sunansa Samuel Johnson. Abin da ya sa muka zaɓo shi, ɗan ɗan kasuwa ne, ƴan kasuwa ne suka biya shi aikin, kuma abin da ya fi damunsa da ya tsufa, a kasuwa ya faru.

Haihuwa bakin kasuwa

An haifi Johnson ranar 18 ga watan Satumba na shekara ta 1709 a garin Lichfield da ke tsakiyar Ingila, cikin wani bene da ke kallon filin kasuwar garin. Ƙasan benen kantin ubansa ne, Michael Johnson, mai sayar da littattafai. A wancan zamani masu sayen littafi ba su da yawa, don haka tsohon ba ya zama kanti kawai. Ranar kasuwar garuruwan kewaye yakan ɗora kaya bisa doki ya je ya kafa tebur, kamar dai yadda namu suke bin kasuwannin ƙauye.

Yaron bai zo duniya da lafiya ba. Tun yana jinjiri ya kamu da ciwon kaluluwar wuya, dangin tarin fuka, wanda ya bar masa tabo a wuya da fuska. Idonsa guda kusan ba ya gani, kunne guda ba ya ji. Mutanen Ingila na lokacin sun yi imani cewa in mai sarauta ya taɓa mai wannan ciwo zai warke, shi ya sa a 1712 uwarsa Sarah ta ɗauke shi har birnin Landan, Sarauniya Anne ta taɓa shi, aka rataya masa tsabar zinariya. Ciwon bai bar shi ba. Da ya girma kuma ya zo da wata lalurar fizgar jiki da surutu shi kaɗai, har wanda bai san shi ba yakan ɗauka taɓaɓɓe ne.

Sai dai Allah Ya ba shi kai. Abin da ya karanta sau guda ya zauna. Bayan ya bar lakol ya yi kamar shekara biyu a kantin ubansa yana ɗinkin littattafai yana karanta duk wanda hannunsa ya kai. A 1728 wata ƴar uwar mahaifiyarsa ta bar musu gadon fam 40, da shi aka kai shi jami'ar Okasfod. Wata 13 kawai ya yi kuɗi suka ƙare. Takalminsa ya mutu har yatsu suna leƙowa, wani mai tausayi ya ajiye masa sabo a ƙofar ɗaki da dare, da gari ya waye Johnson ya yi jifa da shi don fushi. A ƙarshen 1729 ya komo gida babu digiri.

A wannan zama na gida ne abin ya faru. Kasuwar uban ta karye, bashi ya yi masa yawa, ga tsufa. Wata rana ya nemi ɗansa ya je masa kasuwar Uttoxeter, mai nisan kusan kilomita 30, inda yake kafa tebur. Saurayin da ya ɗanɗana jami'a ya ga tsayuwa bayan tebur ta yi masa kaɗan, ya ce ba ya zuwa. A watan Disamba na 1731 tsohon ya mutu cikin talauci, abin da Johnson ya gada bai wuce fam 20 ba. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo mata.

Shawarar gammo

Littafinsa na farko da ya shiga ɗab'i fassara ce daga Faransanci, labarin tafiyar wani limamin Kirista ɗan Fotugal mai suna Lobo zuwa ƙasar Habasha. Ya fito a 1735. A shekarar ce kuma ya auri Elizabeth Porter, matar wani mai sayar da yadi da ya mutu ya bar ta da ɗiya uku. Tana da shekara 46, shi yana da 25. Da dukiyarta ya buɗe makaranta, amma ɗalibai uku kacal ya samu, jarin ya narke. A watan Maris na 1737 ya kama hanyar Landan tare da ɗaya daga cikin ɗaliban nan, David Garrick, wanda daga baya ya zama shahararren ɗan wasan kwaikwayo. Doki guda gare su, wannan ya hau wancan ya taka.

Da ya isa Landan ya gaya wa wani mai kantin littattafai cewa da alƙalami yake so ya ci abinci. Mutumin ya dubi faɗin kafaɗunsa, ya ba shi shawara ya nemi gammo ya shiga dako. Bai shiga ba, amma shekaru tara da suka biyo baya ba su fi dakon sauƙi ba. Ya yi ta rubutu a wata mujalla ana biyansa gwargwadon shafi. Akwai daren da shi da abokinsa suka kwana suna zagaya titi saboda babu kuɗin ɗakin kwana.

Ƴan kasuwa sun haɗa jari

A lokacin Italiya tana da babban ƙamus tun 1612. Faransa ta kafa majalisar masana 40 a 1635, suka fitar da nasu a 1694. Ingila ba ta da irinsa. Ƙamus ɗin Ingilishi na farko, na Robert Cawdrey a 1604, kalmomi wajen 2,500 ne kawai, kuma duka baƙin kalmomi ne masu wuya da aka aro daga Latin da Girkanci da Faransanci. Waɗanda suka biyo bayansa sun ƙara yawa, amma bayaninsu gajere ne, ba su nuna yadda ake aiki da kalma.

Sarki bai ɗauki nauyin aikin ba, jami'a ma haka. Masu kantunan littattafai na Landan ne suka hango riba, suka haɗa jari. Cikinsu akwai Robert Dodsley, wanda da bara ne a gidan masu kuɗi, da Andrew Millar, da gidan Longman, wanda sunansa ya daɗe bisa littattafan makaranta har a ƙasashenmu. Ranar 18 ga watan Yuni na 1746 suka sa hannu da Johnson bisa fam 1,575. Fam da sule ɗin nan da dattawanmu suka sani wajen Najeriya, su ne kuɗin, sule 20 fam guda. Sharaɗin shi ne cikin kuɗin nan zai sayi takarda da tawada, ya biya haya, ya biya ma'aikata. Ya yi alkawarin shekara uku. Aikin ya ci kusan tara.

Ya kama gida a wani lungu da ake kira Gough Square, wanda har yanzu yana nan ana ziyartarsa, ya mai da ɗakin can saman bene wurin aiki. Ya ɗauki masu kwafa shida, biyar daga cikinsu ƴan Sikotilan. Ga yadda yake yi: ya ɗauki littafin wani marubuci na kirki ya karanta, in ya ga an yi amfani da kalma yadda ya dace sai ya ja mata layi da fensir, ya sa alama farkon jimlar da ƙarshenta, ya rubuta harafin farko na kalmar a gefe. Masu kwafa su juye jimlar bisa guntun takarda, a jera bisa tsarin abacada. Waɗanda suka ara masa littattafai sun karɓe su duk zane. Ta haka ya tara misalai wajen 114,000 da suka shiga ƙamus ɗin. A ganinsa, ba a sanin kalma sai an gan ta cikin magana, kamar yadda ba a sanin turmin atamfa sai an warware shi.

Kalmomin da ba a saba ji ba

Bari mu ɗan buɗe muku buhun ku gani, don akwai na dariya. Akwai backfriend, wato abokin baya, mai yi maka dariya a fili yana haƙa maka rami a ɓoye. Akwai mouth-friend, abokin fatar baki. Akwai bellygod, mai bautar cikinsa, acici ke nan. Bedpresser shi ne ƙaton rago da ba ya rabuwa da shimfiɗa. Fopdoodle wawa ne da ba a sa shi cikin lissafi. Pickthank kuwa shi ne mai shisshigi da kai gulma don a yaba masa. Har akwai anatiferous, mai haifar da agwagi, kalmar da mutum zai tsufa a Landan bai ji ta a bakin kowa ba.

Na kasuwa ma suna ciki, kuma za ku gane masu su. Forestaller shi ne mai tare kaya kafin su shigo kasuwa ya saye don farashi ya hau. Engrosser shi ne mai kwashe kaya da yawa ya riƙe sai sun yi tsada. Higgler mai sayar da kayan abinci ne da kaɗan-kaɗan, irin mai awo da tiya. Chaffer ita ce ja-in-jar ciniki. Cheapen a zamaninsa tana nufin taya kaya, yau kuwa ma'anarta rage daraja. Ashe abin da muke kuka da shi lokacin bazara, in hatsi ya ɓace daga kasuwa, Turawa sun ba masu yinsa suna tun tuni.

Amma abin mamaki, waɗannan ba su ne suka wahalar da shi ba. Baƙuwar kalma ma'ana guda gare ta, layi guda ya ishe ta. Ƙananan kalmomin yau da kullum su ne suka kusa kayar da shi. Kalmar take, wadda ɗan aji na farko ya sani da ma'anar ɗauka, sai da ya ware mata ma'anoni 134. Wurin da ya bari cikin kundayensa na farko bai ishi irin waɗannan ba, tilas ya sake tsarin bayan ya yi shekaru yana aiki. Mu Hausawa ba za mu yi mamaki ba in muka tuna da kalmar ci: cin tuwo, cin kasuwa, cin riba, cin bashi, cin amana, cin sarauta, cin mutunci. Baƙon da ya haddace kalmomin fada dubu bai san bambancin waɗannan ba, bai ji Hausa ba tukuna. Haka Ingilishi yake, kuma wannan ya kamata ɗiyanmu masu haddar manyan kalmomi su ji.

Johnson mutum ne, yana da son rai da kuskure. Da ya zo bayanin wani hatsi mai suna oats, sai ya tsokani ƴan Sikotilan, ya nuna cewa a Ingila dawaki ake ba, a can kuwa shi mutane ke ci. Harajin kayan cikin gida ya kira shi abin ƙi, ya zagi masu karɓarsa, har hukumar harajin ta nemi shawarar babban lauyan gwamnati ko a kai shi ƙara, amma maganar ba ta je kotu ba. Mai yin ƙamus, wato shi kansa, ya kwatanta shi da ɗan wahalar da ba ya cutar da kowa. Kalmar pastern, wadda ke nufin tsakanin idon sawun doki da kofato, ya ce gwiwar doki ce. Da wata mata ta tambaye shi dalili, bai yi kwana-kwana ba, ya amsa mata cewa jahilci ne kawai.

Akwai kuma giɓin da ya shafe mu. A gabatarwar littafin ya yarda cewa ya bar sunayen kaya da na kayan aiki da yawa, domin bai shiga ɗakunan ajiyar fatake da rumfunan masu sana'a ya tambaya ba. Yana ganin maganar ƴan kasuwa da leburori ba ta da zama, yau ta zo gobe ta wuce, har ya lissafa fatauci cikin abubuwan da ke gurɓata harshe. Mu a nan ba mu bi shi ba. Kasuwa ce ke kawo sabon kaya, sabon kaya kuma da sunansa yake zuwa. Shi kansa ya fara aikin da niyyar ya ɗaure harshen wuri guda kada ya sake, ya gama yana cewa hakan ba ya yiwuwa.

Riba ta tafi wajen masu jari

Ƙamus ɗin ya fito ranar 15 ga watan Afirilu na 1755: manyan littattafai biyu, shafi wajen 2,300, nauyi sama da kilo 9, kalmomi 42,773. An buga kwafi 2,000, ana sayar da shi fam 4 da sule 10, kuɗin da talaka ba ya iya fitarwa. Masu jarin sun san kasuwa, don haka shekarar da ta biyo suka fitar da ƙarami na sule 10, shi ne ya shiga gidaje.

Tun 1747 Johnson ya sadaukar da tsarin aikin ga wani babban basarake, Lord Chesterfield, da fatan zai zama ubangidansa. Fam 10 ya ba shi, daga nan ya manta da shi. Da aikin ya kusa fita sai ga basaraken yana yabonsa a jarida. Johnson ya rubuta masa wasiƙar da ta shahara, inda ya kwatanta shi da mai kallon mutum yana nutsewa a ruwa, sai ya kai gaɓa sannan ya zo da taimako.

Shi kuwa mai aikin, da aka zauna lissafi aka fito da takardun biya, sai aka tarar ya riga ya cinye kuɗinsa tun kafin a gama, har da ɗori. Matarsa ta mutu tun 1752, ba ta ga littafin ba. A watan Maris na 1756, ƙasa da shekara guda bayan duniya ta san sunansa, aka kama shi saboda bashin fam 5 da sule 18, sai da marubuci Samuel Richardson ya aiko da kuɗi aka sake shi. A 1759 uwarsa ta mutu, ya zauna daren mako guda ya rubuta littafin Rasselas, labarin wani ɗan sarkin Habasha, don ya biya jana'iza da bashin da ta bari. Duk wanda ya taɓa karɓar kwangila bai ƙirga kuɗin ma'aikata da tsawon lokaci ba, ya san wannan ciwo.

Sauƙi ya zo a 1762, lokacin da Sarki George na 3 ya yanka masa fam 300 duk shekara. Mutane suka yi ta dariya, domin a ƙamus ɗinsa ya bayyana irin wannan kuɗi a matsayin ladan da ake ba ɗan koren gwamnati don ya ci amanar ƙasarsa. Ya karɓa, amma bai tara ba. Gidansa ya cika da marasa galihu: wata makauniya Anna Williams, da Robert Levet mai yi wa talakawa magani, da wasu. In ya fito da dare yakan sa kwabo a hannun yaran da ke barci bakin titi don su samu na karin kumallo. Akwai kuma Francis Barber, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Jamaika, wanda ya zo gidan yana yaro a 1752. Johnson ya ƙi jinin cinikin bayi. Ya biya wa Barber makaranta, kuma shi ya bar wa mafi yawan abin da ya mallaka.

Komawa Uttoxeter

Jami'ar Okasfod da ya bari don rashin kuɗi ta ba shi digiri a 1755, ta ƙara masa na dakta a 1775. Sarki ya zauna hira da shi. Duk da haka maganar teburin nan ba ta bar zuciyarsa ba. Kimanin shekara 50 bayan abin, yana tsoho mai wajen 70, ya zo ganin gida a Lichfield, sai ya kama hanyar Uttoxeter. Ana ruwa. Ya shiga kasuwa, ya nemi daidai wurin da ubansa yake kafa tebur, ya cire hula, ya tsaya nan lokaci mai tsawo ruwa yana dukan kansa, mutane suna wucewa suna kallon tsohon. Shi da bakinsa ya ba da labarin daga baya, ya ce girman kai ne ya hana shi zuwa a wancan karo, kuma ya tsaya ne don neman gafara. Har yau akwai hoton wannan tsayuwa da aka sassaƙa a filin kasuwar garin, da kuma jikin mutum-mutuminsa a Lichfield.

Ya mutu ranar 13 ga watan Disamba na 1784 yana da shekara 75, aka binne shi a majami'ar Westminster, inda aka binne sarakuna da manyan ƙasar. Abokinsa James Boswell ya fitar da tarihinsa a 1791. Ƙamus ɗinsa kuwa bai samu magaji na sosai ba sai da aka kammala babban ƙamus na Okasfod a 1928, wanda shi ma bisa hanyar kawo misali ya tafi.

To ƴan uwa, mu da muke biyan kuɗin lakol da ribar ƙosai da ta goro da ta yadi, mu ci gaba da biya, mu saya wa yaro ƙamus in da hali, mu sa shi ya karanta mana abin da ke bisa kwali kafin mu saro. Ku kuma ɗiyanmu, ku koyi Ingilishi da kyau, ku fara da ƙananan kalmomin kafin manya. Amma ranar da inna ko baba suka ce zo ka tsare mini tebur, ku tuna da mutumin da ya san kalmomi 42,773, ya kuma yi shekara 50 yana nadamar a'a guda da ya faɗa wa ubansa. Lokacin da ya je Uttoxeter, mai teburin ya daɗe a ƙasa. Naku suna nan da rai, kasuwa kuma tana ci.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi shirya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.